Yaƙin arewacin Mali: me ya sa 'yan awaren Azawad ke iya karya ayarin soja amma su kasa riƙe gari

A ƙarshen watan Yulin 2024 wani ayarin motocin sojan Mali tare da sojojin hayan Wagner na Rasha ya doshi Tinzawatan, wani ɗan gari da ke manne da iyakar Aljeriya, sama da kilomita 200 arewa maso gabas da Kidal. Daga ranar 25 zuwa 27 ga wata aka yi ta gwabzawa, guguwar rairayi ta taso ta hana jiragen sama kawo ɗauki yadda ya kamata, ayarin ya juya zai koma sai ya faɗa kwanton ɓauna a cikin kwari tsakanin duwatsu. 'Yan tawayen, lokacin suna ƙarƙashin gamayyar ƙungiyoyinsu mai suna CSP, sun ce sun kashe 'yan Wagner 84 da sojan Mali 47, wannan lissafinsu ne, amma ita kanta Wagner ɗin ta fito ta yarda an yi mata ɓarna har ta ambaci sunan kwamandan ayarin Sergei Shevchenko a cikin waɗanda suka mutu, kuma duk wanda ya san halin Wagner ya san ba su saba faɗin asara ba. Hotunan gawarwaki da motoci masu sulke a ƙone suka cika WhatsApp da Facebook, mutanenmu suka rabu gida biyu, masu goyon bayan sojojin AES, wato ƙawancen Mali da Nijar da Burkina Faso, suna cewa ƙarya ce aikin Faransa ne, wasu kuma suna murna an kwaɗi Rasha, kusan ba wanda ya tsaya ya tambaya wai su waye ma waɗannan mutanen kuma me ya sa shekara sittin kenan ana abu ɗaya a wuri ɗaya.

Toh abu na farko dai, waɗannan ba Boko Haram ba ne kuma ba 'yan bindigan daji ba ne masu neman kuɗin fansa. 'Yan aware ne, mafi yawansu Abzinawa da wasu Larabawan arewa, suna neman ƙasar kansu da suke kira Azawad ko a ƙalla a bar su su mulki yankinsu. Rigimar ta fara ne tun 1963, shekara uku kacal bayan 'yancin kai, a tsaunukan Adrar na Ifoghas da ke Kidal, gwamnatin Modibo Keita ta murƙushe ta da ƙarfi sosai, an kashe mutane an karkashe raƙuma da awaki, sannan aka maida Kidal yankin soja wanda ma'aikaci daga kudu ke ganin in an tura shi can horo aka yi masa. Yaran da suka ga abin da aka yi wa iyayensu su ne farin 1973 da na 1984 ya kora zuwa Aljeriya da Libiya, Gaddafi ya ɗebi da yawansu cikin sojansa har suka yi yaƙi a Labanon da Chadi, su ne suka dawo a watan Yunin 1990 suka kai hari Menaka ƙarƙashin Iyad Ag Ghali. Riƙe sunan nan, zai dawo. An yi yarjejeniya a Tamanrasset 1991, an yi wata a 1992, an ƙona bindigogi a Tumbutu a watan Maris 1996 ana murna, aka sake tashi a 2006, aka sake sa hannu a Aljiyas, kowane karo alƙawarin ɗaya ne, za a ɗauki mayaƙa cikin soja, za a yi hanya da asibiti da makaranta, za a ba yankin ikon kansa, kuma kowane karo sai a cika kaɗan a bar saura.

Amma abin da nake so a fahimta shi ne yadda hare-haren ke aiki, don a nan ne mutum zai gane dalilin da ya sa soja mai tankoki da jirage ke shan kashi a hannun mutanen da ke kan Toyota a-kori-kura. Mali ta fi Nijeriya faɗin ƙasa, kuma kusan kashi biyu cikin uku nata arewa ce, hamada da duwatsu, mutane kaɗan. Daga Bamako zuwa Kidal wajen kilomita 1,500 ne, kusan kamar ka tashi daga Legas ka nufi Maiduguri, kuma daga Gao zuwa Kidal ɗin kusan kilomita 350 babu kwalta. Gwamnati a can ba wani abu ba ne illa 'yan barikoki da aka dasa nesa da juna, Menaka, Anefis, Agelhok, Tesalit, Lere, Ber, kowane bariki yana jiran mai da harsashi da shinkafa da magani daga nesa, sojan da ke ciki galibi ɗan kudu ne, Bambara ko wani yaren, bai jin Tamashek, yaren Abzinawa, bai san inda rijiya take ba, in motarsa ta kafe a rairayi shikenan. Shi kuwa ɗan tawaye ba shi da barikin da zai tsare, motoci talatin ko arba'in za su fito daga wurare daban-daban su haɗu da daddare, da asuba su afka wa bariki, su kwashi makamai da motoci da mai su kama fursunoni, kafin jirgi ya taso daga Gao ko Sebare sun watse kowa ya kama gabansa. Makaman da suke yaƙin da su ma wani kaso mai yawa daga rumbun sojan Malin suka fito.

In kuma barikin ya fi ƙarfin a ci shi da hari ɗaya sai a yi masa ƙawanya a zauna. Nan ne tarkon yake, don dole gwamnati ta turo ayarin ɗauki, ayarin kuma dole ya bi hanyar da kowa ya sani saboda manyan motoci da tankar mai ba sa bin ko'ina, ƙurarsa ana hango ta daga nesa, duk makiyayin da ya wuce mai wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya zai iya faɗin adadin motocin, sai a dasa nakiya a gaba a jira a mashigar kwari. Dubi abin da ya faru a 2012. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 Abzinawan da ke sojansa suka dawo da makamai masu nauyi, ciki har da Kanar Mohamed Ag Najim wanda ya zama shugaban mayaƙan MNLA, ƙungiyar neman 'yancin Azawad, Bilal Ag Acherif kuma ya riƙe ɓangaren siyasa. Ranar 17 ga Janairu suka taɓa Menaka, washegari Agelhok da Tesalit. A Agelhok sojoji sun yi kusan mako suna kare kansu har harsashinsu ya ƙare ɗauki bai iso ba, ranar 24 ga wata barikin ya faɗi, aka kashe sojojin da suka riga suka miƙa wuya, wasu an ɗaure musu hannu ta baya, wasu majiyoyi suka ce 82 wasu suka ce sun haura 100. MNLA ta ce ba ita ta yi kisan ba, an fi ɗora shi kan 'yan Ansar Dine, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, da Alƙa'ida da suka yi yaƙin tare da su, amma ai tare suka shiga, kuma wannan tabon har yau bai goge ba a zuciyar sojan Mali, wallahi duk wanda ya karanta yadda aka kashe yaran nan sai jikinsa ya yi sanyi. Tesalit kuwa mai filin jirgin sama ta yi kusan wata biyu a kewaye, ayarin ɗauki ya yi ta ƙoƙari ya kasa shiga, ana jefo musu abinci ta sama, a ƙarshe a watan Maris sojojin suka fice.

Kuma illar irin wannan hari ba a barikin take tsayawa ba, Bamako take zuwa ta fashe. Matan sojoji da 'ya'yansu a barikin Kati da ke kusa da Bamako suka fito zanga-zanga suna tambayar Shugaba Amadou Toumani Toure ina mazajensu kuma me ya sa aka tura su ba harsashi, ranar 22 ga Maris Kyaftin Amadou Sanogo ya kifar da gwamnati da sunan za a gyara yaƙin, sai ga shi cikin kwana goma Kidal ta tafi ranar 30 ga Maris, Gao 31, Tumbutu 1 ga Afrilu, don tsarin ba da umarni ya watse gaba ɗaya ba wanda ya san wa zai saurara. Kanar El Hadj Ag Gamou, shi ma Ba'abzine amma yana tare da gwamnati, sai da ya yi kamar ya koma ɓangaren MNLA sannan ya samu ya tsallako da ɗaruruwan sojojinsa zuwa Nijar. Ranar 6 ga Afrilu MNLA ta shelanta ƙasar Azawad. Haka aka sake yi a watan Mayun 2014 da firaminista Moussa Mara ya matsa sai ya ziyarci Kidal, faɗa ya ɓarke aka kashe jami'an gwamnati a ofishin gwamna, ranar 21 ga wata soja suka kai farmakin ƙwato garin aka fatattake su cikin 'yan sa'o'i, ministan tsaro Soumeylou Boubeye Maiga ya ajiye aiki, daga nan Kidal ta zauna a hannun 'yan tawaye har shekara tara.

Toh in haka suke da ƙarfi me ya hana su kafa ƙasar? Nan ne nasu raunin yake kuma magoya bayansu ba sa son a faɗa. Ƙasar Azawad ɗin da aka shelanta ba ƙasa ɗaya a duniya da ta amince da ita, kuma ko wata uku ba ta cika ba, a ƙarshen watan Yunin 2012 'yan MUJAO, wata ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, suka kori MNLA daga Gao, Ansar Dine ta Iyad Ag Ghali da Alƙa'ida suka riƙe Tumbutu da Kidal, su ke da kuɗin fansar Turawa, su ke iya biyan mayaƙa, yaran MNLA da yawa suka sauya sheƙa kawai saboda can ake samun mai da abinci. Sannan mutanen arewan ba duka Abzinawa ba ne, a Gao da bakin kogin Kwara Sonrai ne suka fi yawa, 'yan'uwan Zabarmawa, ga Fulani ga Larabawa ga Bella waɗanda kakanninsu bayi ne a hannun manyan gidajen Abzinawa kuma ba su manta ba, kuma abin da mayaƙan MNLA suka yi a Gao na kwasar ganima da cin zarafin mata ya sa mutanen gari da yawa suka tsane su. Ko a cikin Abzinawan kansu akwai tsohuwar gaba tsakanin Ifoghas masu sarautar Kidal da Imghad da ake ɗauka talakawansu, shi ya sa Gamou wanda Ba'imghade ne ya kafa ƙungiyar mayaƙan sa-kai ta GATIA a 2014 tana yaƙi a gefen gwamnati. Kenan rundunar da ta iya cin bariki da asuba ba ta da jama'ar da za ta mulka a manyan garuruwan da take cewa nata ne, in ka cire Kidal.

Maganar alaƙar 'yan awaren da masu iƙirarin jihadi kuwa ita ce mafi wuyar warwarewa, gwamnatin Bamako ta ce duk 'yan ta'adda ne babu bambanci, su kuma sun sha cewa ba ruwansu da su, ni a ganina duka biyun ba su faɗi gaskiya cikakkiya ba. Manufarsu daban ce, ɗaya na neman ƙasa da tuta, ɗayan kuma, wato JNIM, gamayyar masu iƙirarin jihadi da Iyad ya haɗa a watan Maris 2017 yana neman Mali gaba ɗaya har da maƙwabta a ƙarƙashin Alƙa'ida, kuma sun sha zubar da jinin juna, ko a watan Afrilun 2024 sun gwabza a wajen Nara kusa da iyakar Muritaniya. Amma Iyad ɗan Ifoghas ne, shi ne gwarzon tawayen 1990, Alghabass Ag Intalla ɗan gidan sarautar Kidal kuma jigo a cikin 'yan awaren sai da ya zauna a Ansar Dine kafin ya fice a Janairun 2013, za ka samu wa yana nan ƙane yana can, rijiya ɗaya suke shayar da dabbobi, hanya ɗaya suke bi su sayo mai daga Aljeriya. A Tinzawatan ɗin ma JNIM ta fito ta ce ita ma ta yi wa ayarin kwanton ɓauna ta kashe 'yan Rasha da dama. Kuma tarihi ya nuna duk lokacin da 'yan aware suka karya soja, wanda ya fi tsari da kuɗi da haƙuri shi ke kwashe ribar.

Yarjejeniyar Aljiyas ta 2015 ta tsayar da faɗa kai tsaye tsakanin soja da gamayyar 'yan aware ta CMA na wajen shekara takwas, duk da ba a aiwatar da mafi yawanta ba, kowa na zargin kowa. Abin da ya riƙe zaman shi ne akwai wasu a tsakani, sojojin Faransa da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya MINUSMA. Da Kanar Assimi Goita ya karɓi mulki bayan juyin mulkin 2020 da na 2021, aka kawo Wagner a ƙarshen 2021, Faransa ta kwashe nata a watan Agustan 2022, a watan Yunin 2023 Mali ta ce MINUSMA ma ta tattara ta tafi, sai tambaya ta taso wa zai gaji barikokin da za su bari? Soja suka ce ƙasar Mali ce dole mu, 'yan tawaye suka ce yarjejeniyar tsagaita wuta ta bar yankunan nan a hannunmu. Daga Ber a watan Agusta aka fara, Satumba suka kai hari Burem da Lere, farkon Oktoba Bamba, salon nan dai na da, a shiga a kwasa a fita.

Sai dai wannan karon akwai sabon abu, jirage marasa matuƙa ƙirar Bayraktar da Mali ta sayo daga Turkiyya. Jirgin nan yana iya shafe sa'o'i a sama yana kallo, kuma duk dabarar 'yan tawaye ta dogara ne kan tara motoci wuri ɗaya kafin hari, toh in ka tara motoci arba'in a fili an gan ka. Ayarin da ya tashi daga Gao farkon Oktoba ya sha hare-hare a hanya amma ya kama Anefis, MINUSMA ta bar Kidal ranar 31 ga Oktoba, aka yi ta ruwan bama-bamai ta sama wanda ya kashe fararen hula har da yara, ranar 14 ga Nuwamban 2023 soja da Wagner suka shiga Kidal, 'yan tawayen sun riga sun janye zuwa duwatsu tare da mafi yawan mutanen gari. A Bamako an yi biki sosai kuma ni ban ga laifin mutumin da ya yi murna ba bayan wulaƙancin 2012 da 2014, aka naɗa Janar Gamou gwamnan Kidal, a Janairun 2024 gwamnati ta ce ta yi watsi da yarjejeniyar 2015 kwata-kwata. Amma kama Kidal ƙara wa soja tsawon hanyar da zai tsare ya yi, ga Tesalit ga Agelhok ga Kidal duk sai an kai musu kaya, kuma da suka ce bari su ƙarasa har bakin iyaka wata takwas bayan nan, ranar da iska ta rufe sama jirage suka kasa gani, sai yaƙin ya koma irin na 2012.

Abin da ya biyo baya shi ya fi damuna. Kwanaki kaɗan bayan faɗan jirage marasa matuƙa suka kai harin ramuwa a yankin Tinzawatan, rahotanni suka ce waɗanda suka mutu mafi yawansu masu haƙar zinariya ne baƙi, 'yan Nijar da Chadi da Sudan, kuma duk wanda ya san Agadas da Tawa da Damagaram ya san samarinmu nawa ne ke tafiya ramukan zinariyar hamada neman abin aure da na jari, ba su san Azawad ba ba su san AES ba. A watan Agusta wani harin ya sake kashe fararen hula a garin har da yara. Dubban iyalai sun tsallaka Aljeriya, wasu sun cika sansanin Mbera a Muritaniya, kuma kowane makiyayi da aka kashe a rugarsa don fatarsa fara ce ana zarginsa, ƙannensa ba su da inda za su nufa sai wajen masu bindiga, ko na FLA ko na Iyad. FLA ɗin ita ce sabuwar ƙungiyar da 'yan awaren suka narke a ciki ranar 30 ga Nuwamban 2024 suka koma maganar ɓallewa ƙarara, washegari jirgi maras matuƙi ya kashe wasu manyansu ciki har da Fahad Ag Almahmoud, mutumin da a da yake GATIA a ɓangaren gwamnati, wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda shigowar Wagner ta tura har tsoffin abokan Bamako cikin tawaye. 'Yan tawayen ma yanzu sun koyi ɗaura bam a jikin ƙananan jiragen nan marasa matuƙa da ake saya a kasuwa suna aikawa cikin barikoki, ba sai sun tara mota ba.

Ga kuma hannun waje da ya ƙara dagula lissafi. Kakakin leƙen asirin sojan Yukiren Andriy Yusov ya fito ya yi maganar da ke nuna 'yan tawayen sun samu bayanan da suka taimaka musu, Mali ta yanke hulɗa da Yukiren farkon Agustan 2024, Nijar ta bi bayanta, sai maganar ta ba Bamako damar cewa kun gani duk makircin waje ne, alhali rigimar ta girmi Yukiren ɗin a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta. Aljeriya kuma wadda ita ce mai shiga tsakani tun 1991 sai ta zama abokiyar gaba, farkon Afrilun 2025 ta harbo jirgin Mali maras matuƙi a wajen Tinzawatan, ƙasashen AES uku suka janye jakadunsu. A watan Yunin 2025 Wagner ta ce ta gama aiki ta tafi, Africa Corps da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Rasha ta gaje ta, cikin watan nan aka sake yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a hanyar Agelhok. A lokacin da soja ke kashe mai da mutane wajen kai kaya can ƙuryar arewa, JNIM ta matso kudu da yamma har ta fara ƙona tankokin mai a hanyoyin Senegal da Kodebuwa daga Satumban 2025, Bamako ta shiga layin mai.

Mutanen Nijar za su ce ai mu ma mun yi namu, gaskiya ne, daga kisan Cintabaraden a 1990 har yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, sannan ƙungiyar tawayen MNJ ta Aghali Alambo daga 2007 wadda a watan Yunin shekarar ta afka wa barikin Tazarzait ta kashe sojoji ta kama sama da 70, salo iri ɗaya sak da na Mali. Bambancin shi ne MNJ ba ta nemi ɓallewa ba, kason arzikin uraniyom da ayyuka take nema, kuma Abzinawan Nijar a cakuɗe suke da Hausawa a Agadas da Abalak da Tanut, ana auratayya ana kasuwa ɗaya da Hausa ake ciniki, ba a killace suke a lungu ɗaya kamar Kidal ba. Bayan an ajiye makamai a 2009 tsoffin 'yan tawaye sun zama magadan gari da shugabannin majalisar jiha da mashawarta, Brigi Rafini ɗan Iferwan ya yi firaminista shekara goma daga 2011 zuwa 2021, shi ya sa da makaman Libiya suka kwararo a 2011 Nijar ba ta kama da wuta ba. Wannan tsarin ma ya fara girgiza bayan juyin mulkin Yulin 2023, Rhissa Ag Boula tsohon madugun tawaye da ya zama minista ya fice ya shelanta adawa da sojoji, a watan Yunin 2024 kuma ƙungiyar tawaye ta FPL ta fasa bututun man da ke tafiya daga Agadem zuwa Benin.